Me ya sa Škoda ta rayu, ČKD da Poldi suka mutu? Muhawara kan masana'antun ƙasar Cek bayan gurguzu

Auta:
Assalamu alaikum manyanmu. Akwai abin da ya ɗaure min kai. Cekoslobakiya, wadda daga baya ta rabu gida biyu, Cek da Slobakiya, ta fita daga tsarin gurguzu a ƙarshen 1989 da manyan masana'antu birjik. Yau Škoda mai ƙera motoci tana cikin waɗanda ake ji da su a Turai. Amma ČKD da ta cika biranen Tarayyar Sobiyat da taragon lantarki ta mutu, Poldi mai narka ƙarfe a Kladno ta mutu, LIAZ mai manyan motoci ita ma ta bi su. Ƙasa ɗaya, injiniyoyinsu makaranta ɗaya suka yi. To me ya raba su? Sa'a ce, ko don Bajamushe ya sayi ɗaya?

Hajiya Malama:
Wa alaikumus salam, Auta. Kafin a zo kan wa ya sayi wa, fara duba guguwar da ta taso musu gaba ɗaya a 1991. Ranar 1 ga Janairu aka saki farashi, kafin shekara ta ƙare kaya sun tashi da sama da kashi 50. Kafin nan an karya darajar kuɗinsu, koruna, har sau uku a 1990, aka tsayar da ita a 28 kan dala ɗaya. Mai kisan shi ne na uku: cinikin da ƙasashen gurguzu ke yi a tsakaninsu ƙarƙashin ƙungiyar Comecon ya koma da dala, a farashin duniya, ƙungiyar ma ta watse a watan Yuni. Da can ma'aikatar tsare-tsare ce ke cewa ka ƙera kaza, a tura Mosko, a biya da fetur da iskar gas. Aka wayi gari mai sayen ba shi da dala, in ma yana da ita ya gwammace ya kai ta Jamus ya sayo wanda ya fi. Abin da masana'antu ke fitarwa ya faɗi da sama da kashi 20 a shekara guda.

ČKD ta ƙera taragon nan samfurin T3 kusan dubu 14, mafi yawansu Sobiyat suka tafi. Ran da wannan kasuwa ta rufe, sai ta koma tana tallata wa biranen yamma waɗanda tuni suka fara neman tarago mai ƙasa-ƙasa da keken guragu zai shiga ba tare da hawa matakala ba. Gwaninta ce ta shekara talatin a kan abin da aka daina nema.

Injiniya:
Hajiya ta kawo ta waje, bari in shiga cikin masana'antar. Duk wanda bai gane yadda aka gina su ba zai ɗauka tsufan injuna ne matsalar. Tsufan injin yana ciki, amma shi ne mafi sauƙin magani, kuɗi kawai yake so.

A tsarin gurguzu abin da manaja ya fi tsoro shi ne kaya su yanke masa. In ƙusa ba ta zo ba, babu kasuwar da zai je ya sayo. Sai kowace masana'anta ta koma tana yi wa kanta komai: tana da wurin narka ƙarfenta, da maƙerar da ke yin mazubi da kayan aiki, da masu gyaran injin, da motocin dakon kanta, har da gidajen ma'aikata da wurin renon yara. Sito kuma cike da kayan wata uku, wani lokaci wata shida, don gudun yankewa. Ma'aikata ma haka ake tara su fiye da buƙata, saboda ƙarshen wata in kayan da aka daɗe ana jira suka iso, sai a yi rububi dare da rana a cike adadin da gwamnati ta yanka. Motar da aka haɗa a ranakun rububin nan, Allah kaɗai ya san yawan notin da ba a ɗaure ba.

Kuma ma'aunin nasara adadi ne. Ka fitar da dubu goma an sallame ka, ko da dubu ɗaya za su dawo gyara. Mai saye ba shi da zaɓi, layi yake bi na shekaru kafin mota ta zo kansa.

To ka ɗauki irin wannan wuri ka ce ya yi gogayya da Opel. Kuɗinsa a kwance suke a sito, rabin ma'aikatansa ba sa taɓa abin da ake sayarwa, kuma babu wanda ya san nawa ake kashewa a kan kowace mota, don ba a taɓa buƙatar sani ba.

Mai Lissafi:
Wannan na ƙarshen, Injiniya, a nan gizo ke saƙar. Masanin tattalin arzikin nan na Hangari, János Kornai, ya daɗe da bayyana ciwon: kamfanin da ya san ko ya yi asara gwamnati za ta cike masa, babu abin da zai sa ya gyara halinsa. Bayan 1991 tallafin kai tsaye ya tsaya, amma famfon bai rufe ba, hanya ya canza. Kamfanoni suka daina biyan juna, wannan na bin wancan, wancan na bin na gaba. Bankunan gwamnati kuma suka ci gaba da sabunta rance ga wanda ba zai iya biya ba.

Auta, ga amsar tambayarka a taƙaice, in ya so a faɗaɗa. An cefanar da kamfanonin ta hanya biyu. Kaɗan aka sayar kai tsaye ga wanda ya san sana'ar. Mafi yawa aka raba wa jama'a ta hanyar kupon, wato takardun rabon hannun jari, wadda ministan kuɗi na lokacin, Václav Klaus, ya tsaya wa. Kowane baligi zai biya koruna 1,000 da 35 na littafi, a ba shi maki 1,000 ya nemi hannun jari da su. Zagayen farko a 1992, kamfanoni kusan 1,500, mutum wajen miliyan takwas da rabi suka shiga. A takarda adalci ne. Amma talaka bai san wane kamfani ne mai kyau ba, sai sama da kashi 70 na makin suka tafi hannun asusun zuba jari. Ɗaya daga cikinsu, Harvard na Viktor Kožený, alƙawari ya yi zai ninka wa mutum kuɗinsa sau goma cikin shekara, jama'a suka yi ca.

Mafi yawan manyan asusun kuwa na bankuna ne, bankunan kuma na gwamnati ne. Ka ga zagayen? Banki ne mai kamfani ta bayan gida, kuma shi ne mai bin kamfanin bashi. In ya ja shi kotu a rufe shi, kansa ya yi wa asara, sai ya ƙara masa rance. Kupon bai kawo ko kwabo na sabon jari ba, bai kawo sabon zane ba, bai kawo kasuwa ba. Suna kawai aka canza a rajista.

Baba Dattijo:
Yara, ku bi a hankali. Ina jin inda kuka dosa, wato maganin shi ne a kira Bature a miƙa masa. Masana'antar Škoda ta garin Mladá Boleslav tun 1895 take, Laurin da Klement suka kafa ta suna haɗa kekuna. Shekara kusan ɗari ana gina abu, rana ɗaya a ce na Volkswagen ne. Ɗan ƙasa ya yi gumi, riba ta tafi Wolfsburg, hedikwatar Volkswagen a Jamus. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Klaus ko ba komai ya so dukiyar ta zauna a gida.

Hajiya Malama:
Allah ya ƙara girma, Baba, maganarka tana da tushe kuma za mu dawo kanta, don su kansu mutanen Cek har yau suna yin ta. Amma a duba abin da ya sami waɗanda aka bar wa 'yan gida da kuɗin banki. Poldi an ba Vladimír Stehlík a 1993, ba a yi shekara huɗu ba wutar tanderu ta mutu. Škoda ta Plzeň, wadda ke yin manyan injuna kuma ba ta da alaƙa da mai motar sai suna, ta shiga hannun Lubomír Soudek. Maimakon ya rage nauyi ya tsaya kan abin da ke kawo kuɗi, sai ya shiga saye-saye da bashi: ya sayi Tatra mai manyan motoci, ya sayi LIAZ, har wani kamfanin injin matse ƙarfe a Erfurt ta Jamus. A 1999 bankuna suka fitar da shi. Wanda ya sayi kamfani da rance, ribar farko bashin sayen take biya, babu abin da ya rage na sabon injin.

Ga kuma waɗanda ba su ma yi niyyar gyara ba. Har kalma mutanen Cek suka ƙirƙiro, tunelování, wato haƙa rami ta ƙarƙashi a kwashe. Manaja zai buɗe ɗan kamfani da sunan wani nasa, ya sayar masa da kaya a araha, ya sayi ɗanyen kaya daga gare shi da tsada. Riba ta taru a can, bashi ya taru a nan, ƙananan masu hannun jari su tashi da takarda. Hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari sai 1998 aka kafa ta, bayan an gama ɓarna. An ba kura ajiyar nama shekara shida.

Asiri ya tonu a watan Mayun 1997 da koruna ta kasa riƙe farashinta aka sake ta. Daga nan aka sayar da bankunan: ČSOB ga KBC ta Beljiyam a 1999, Česká spořitelna ga Erste ta Ostiriya a 2000, Komerční banka ga Société Générale a 2001. Ruɓaɓɓen bashin kuwa gwamnati ta kwashe, wato mai biyan haraji. Ran da famfon ya rufe da gaske, a ran nan ČKD ta faɗi.

Injiniya:
Bari in faɗi abin da Volkswagen ta kawo takamaimai, don kada a ɗauka albarka ce ta sauko daga sama.

Da farko Škoda ba hannu rabbana ta zo ba. Tana da Favorit, wadda ta fito a 1987, injin a gaba, tayoyin gaba ke ja, zanen bodi na Bertone na Italiya. A duk motocin gabashin Turai ita ce ta fi kusa da zamani. Amma bashin da aka ci wajen kafa layinta ya shaƙe kamfanin. Ga wani abin mamaki, fursunoni na cikin masu aiki a masana'antar, da shugaban ƙasa Václav Havel ya yi afuwa a Janairun 1990 sai da aiki ya tsaya a wasu sassa.

Gwamnatin Petr Pithart ta zaɓi Volkswagen a kan Renault a Disambar 1990, dalili babba shi ne Jamusawa sun yarda sunan Škoda ya zauna, sashen zane da gwaji ma ya zauna a Mladá Boleslav. A Afrilun 1991 suka shiga da kashi 31, suka kai 70 a 1995, suka mallake duka a 2000. Tsohon bashi ba a ɗora wa sabon kamfanin ba, kuma an ba shi kariyar kuɗin fito na wasu shekaru.

Tsarin aikin shi ne abin lura. Ba su rushe sun sake gini ba. Shekarun farko Favorit ɗin dai aka ci gaba da yi ana gyara ta ɗaya bayan ɗaya: fenti, makullin ƙofa, robar gilashi, wayarin. Aka cire kafireto aka sa injekta ta Bosch da matatar hayaƙi a salansa, don in babu su dokar hayaƙi ta Turai ba za ta bari a sayar da ita a yamma ba. Aka haɗa manajoji bibbiyu, Bajamushe da ɗan ƙasa a kujera ɗaya, har ɗan ƙasar ya ƙware a bar masa. A 1994 Felicia ta fito, asalinta Favorit ce da aka sake wa jiki, aka ƙara mata zaɓin injin Volkswagen mai 1.6 da dizal mai 1.9. Sai 1996 aka yi Octavia a sabon layi, a kan ƙashin da Golf ta huɗu da Audi A3 ke kai.

Wannan ƙashin shi ne sirrin. Ga misali da lambobin da na ƙaga don a gane: a ce tsara ƙasan mota da injin da giyabos da birki ya ci biliyan ɗaya. In kai kaɗai ne, kana yin dubu 200 a shekara har shekara biyar, kowace mota ta ɗauki 1,000. In kuna raba shi da wasu samfura har mota miliyan biyar, kowace ta ɗauki 200. Babu yadda ƙaramin kamfani mai zaman kansa zai cike wannan rata da arahar albashi. Škoda ta yi mota wajen dubu 172 a 1991, ta haura miliyan ɗaya a 2014.

Ɗan Kwari:
Injiniya, to masu kawo mata kaya fa? Don mota ai tarin sassa ce, mai haɗawa ba shi ke yin taya da gilashi ba.

Injiniya:
Alhaji, ka taɓo inda aikin ya fi yawa. Sama da rabin kuɗin mota na sassan da aka sayo ne. Volkswagen ta tantance masu kawo kaya na gida, ta ce wa mafi yawansu ko su nemo abokin haɗin gwiwa daga yamma ko su rasa oda. Haka Barum mai taya a Otrokovice ta haɗe da Continental, Autopal mai fitila da lagireto ta koma hannun Ford a 1993, gilashin Teplice ya tafi ga Glaverbel, Bosch ta kafa a České Budějovice da Jihlava.

Abin da ake nema daga mai kawo kaya ga shi. Za a zo a binciki yadda kake aiki tun daga karɓar ɗanyen kaya har lodi. Ka kawo samfurin farko da aka yi da ainihin mazubin da za a yi aiki da shi, a auna kowane gefe. Ana ƙirga ɓatattun sassa a cikin miliyan, alhali da a cikin ɗari ake ƙirgawa. Kowane kwali da lambarsa, in birki ya ba da matsala bayan shekara biyu a iya gano ranar da aka yi shi da ƙarfen da aka yi amfani da shi. Kaya kamar kujera da dashbod kuwa ba a ajiye su a sito. Bodi na fitowa daga ɗakin fenti saƙo zai tafi, cikin 'yan awoyi kujerun su iso a jere daidai da jerin motocin da ke kan layi. Ka kawo baƙar kujera inda ake jiran ruwan toka, layi ya tsaya, kai za a caja kuɗin kowane minti.

Inda ƙanana suka fi faɗuwa wurare biyu ne. Mazubi yana da tsada kuma kafin a fara biyanka sai ka yi shi, banki kuma na ba da rance da ruwa mai yawa. Na biyu, kwangilar kan zo da sharaɗin rage farashi kaɗan duk shekara. In ba ka rage ɓarnar ƙarfe da lokacin canza mazubi a kan injin ba, shekara ta uku kana sayarwa a ƙasa da abin da ka kashe.

Baba Dattijo:
To ai ka ƙarfafa maganata ne. Mai haɗawa na Bature, mai taya na Bature, mai gilashi na Bature, banki na Bature. Ɗan ƙasa ya zama lebura mai takardar digiri.

Mai Lissafi:
Baba, ban ƙi ba, kuma ina da abin da zan ƙara maka a kan hujjarka. Baƙo ma ba tabbas ba ne. Daewoo ta Koriya ta Kudu ta sayi FSO mai ƙera motoci a Warso ta Poland a 1995, ta sayi Avia mai ƙananan motocin kaya a Firag, babban birnin Cek, a shekarar, tana da wata masana'antar a Craiova ta Romaniya. Duk da bashi take faɗaɗa. Uwar kamfanin ta durƙushe a 1999, da General Motors ta zo tsintar abin da ya rage a 2002 ba ta ɗauki FSO ba. LG.Philips ta buɗe katafariyar masana'antar kwalbar talabijin a Hranice a 2001, da tallafin gwamnati, daidai lokacin da duniya ke komawa shafaffen allo. Ba ta yi shekara shida ba ta karye. Ita Volkswagen ɗin ma a 1993, da kasuwar mota ta faɗi a Turai, ta zaftare jarin da ta yi alƙawari, aka yi ta cece-kuce a Firag.

Abin da zan tambaya game da kowane mai saye shi ne: me zai rasa in ya tafi? Wanda ya zo da teburi da sukundireba yana haɗa waya, dare ɗaya zai naɗe tabarmarsa, kamar yadda Nokia ta buɗe a Jucu ta Romaniya a 2008 ta rufe a 2011. Wanda ya kafa injin matse bodi da ɗakin fenti, ya tara masu kawo kaya ɗari a kewayensa, ya bar injiniyoyin zane a wurin, tafiyarsa ba ta da sauƙi.

Auta:
Yaya Mai Lissafi, amma ba arahar ma'aikata ce ta jawo su tun farko ba? In haka ne, me ya sa Jamus ta Gabas ta fi kowa shan wuya alhali ita ce ta fi su ci gaba?

Mai Lissafi:
Tambaya mai kyau, ƙanena. Mai masana'anta ba albashi kaɗai yake kallo ba, albashin yake rabawa da yawan abin da ma'aikaci ya samar. Misali: wanda ake biya 100 ya yi guda 10, kowane ya tashi a 10. Wanda ake biya 15 ya yi guda 3, kowane ya tashi a 5, ya fi araha duk da ya fi jinkiri. Ka ɗaga albashinsa zuwa 45 bai ƙara sauri ba, ya koma 15, ya fita daga kasuwa.

Abin da ya sami Jamus ta Gabas ke nan. Ranar 1 ga Yulin 1990 aka mayar da albashinsu zuwa mak, kuɗin Jamus ta Yamma, ɗaya bisa ɗaya, sannan ƙungiyoyin ƙwadago suka shiga neman daidaito da yamma, alhali abin da ma'aikaci ke samarwa bai wuce kusan sulusin na yamma ba. Hukumar Treuhand, wadda aka kafa don cefanar da kamfanonin gwamnati, ta karɓi kamfanoni wajen 8,500 masu ma'aikata miliyan huɗu, ta rufe a ƙarshen 1994 da bashin sama da mak biliyan 250. Motarsu Trabant ta daina fita tun Afrilun 1991. Su Cek akasin haka suka yi, suka karya koruna sosai, suka danne albashi, suka sayi lokaci.

Amma lokaci ne na aro. Farashi ya ci gaba da hawa a gida, canji yana tsaye a wuri ɗaya, a hankali arahar ta narke. Wanda ya yi amfani da shekarun nan ya gyara aiki ya tsira, wanda ya kwanta a kan arahar 1997 ta tashe shi.

Ɗan Kwari:
Ni abin da ya fi ba ni tausayi masaƙu da takalma. Duk wanda ya sa takalmin Bata ya je makaranta a nan ƙasar, asalin sunan daga garin Zlín yake, Tomáš Baťa ya kafa a 1894. Bayan yaƙin duniya na biyu gwamnati ta ƙwace masana'antar gida, daga baya aka sa mata suna Svit, iyalan suka ci gaba a waje. Bayan 1989 Svit ba ta kai labari ba. Masaƙunsu ma sun ɗan rayu da ɗinkin kwangila, a kawo yadi da zane daga Jamus su ɗinka a mayar, ladan ɗinki kawai suke ci. Da Sin ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a 2001, aka kuma cire ƙayyade shigo da tufafi a farkon 2005, sai aikin ya wuce gabas. Kamar labarin Kakuri da Sharaɗa nake ji. Hajiya, mu ma ai an karya naira a 1986, an cefanar da kamfanoni. Me ya sa tamu ba ta yi irin ta Škoda ba?

Hajiya Malama:
Alhaji, a yi hattara da kwatancen, don mu ba daga tsarin da gwamnati ke yanka farashin komai muka fito ba. Amma akwai darasi ɗaya da ya hau daidai, shi ne wa karya kuɗi ke taimaka wa. Yana taimakon wanda ke kashewa da kuɗin gida ya sayar da kuɗin waje. Škoda ƙarfenta, gilashinta, tayarta, albashinta duk da koruna, ciniki kuma da mak. Peugeot ta Kaduna da aka buɗe a 1975, da Steyr ta Bauchi, da masu haɗa Fiat a Kano, akasin haka suke: sassa a akwati daga Turai da kuɗin waje, ciniki da naira. Karya naira ya ninka musu kuɗin kaya, ya kuma talauta mai sayen. Magani ɗaya, ya warkar da wani ya kwantar da wani.

Sannan daga Mladá Boleslav zuwa iyakar Jamus ba ta kai tafiyar awa biyu ba, wuta ba ta ɗaukewa, kuma tun kafin su shiga Tarayyar Turai a 1 ga Mayun 2004 yarjejeniya ta buɗe musu kasuwar. Daga Kano zuwa tashar jirgin ruwa ta Legas kilomita wajen dubu ne. Kujerar da ake so cikin awa huɗu ba za ta jira kwantena a Apapa ba.

Baba Dattijo:
Na ji. Amma har yanzu ba a amsa min ba. Shekara talatin da wani abu, ina suke yanzu?

Injiniya:
Suna da ƙarfi, Baba, amma ƙafa ɗaya suka fi dogara a kai. Bayan an fara ba da rangwamen haraji ga masu zuba jari a 1998, Toyota da Peugeot suka buɗe a Kolín a 2005, Hyundai a Nošovice a 2008. Ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 11 ba ta ƙera mota sama da miliyan 1.4 a 2024. Kusan sulusin abin da take fitarwa Jamus yake tafiya. In Jamus ta yi atishawa, mura a Firag take kwana.

Raunin ya fito fili sau biyu a jere. A 2021 ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki ya tsayar da layuka, motoci suka cika fili ba a ƙarasa su ba. A 2022 yaƙi ya hana wayarin fitowa daga yammacin Yukren, inda aka kai aikin saboda da hannu ake haɗa shi kuma albashin Cek ya yi tsada, sai haɗa Enyaq, motar Škoda mai lantarki, ya tsaya na makonni.

Motar lantarkin ita ce babbar jarrabawa. Ba ta da fistin, ba ta da injekta, ba ta da salansa, giyabos ɗinta ɗan ƙarami ne. Masana'antar Škoda ta Vrchlabí tun 2012 giyabos kawai take yi, Bosch ta Jihlava da famfon dizal ta yi suna. Kaso mafi tsoka na kuɗin motar ya koma batir, kuma masana'antar ƙwayar batir da aka yi ta zawarcin Volkswagen ta kafa kusa da Plzeň, a 2023 kamfanin ya ce ya jingine maganar. Wannan hukunci ba a Firag aka yanke shi ba.

Mai Lissafi:
Nan kam Baba ya ci rabin gari. Ribar da ke fita waje duk shekara ba kaɗan ba ce, kuma reshe ba shi ke yanka wa kansa farashi ba: uwar kamfani ce ke cewa nawa za ta sayi giyabos daga hannunsa, don haka ko ma'aikacin Cek ya yi aiki daidai da na Jamus a kan injin iri ɗaya, a takarda abin da ya samar ya fi ƙanƙanta. Babban bankinsu ma daga Nuwambar 2013 zuwa Afrilun 2017 ya hana koruna yin ƙarfi fiye da 27 kan yuro, tsohuwar dabarar 1990 aka sake ɗaukowa.

Inda ban bi Baba ba shi ne cewa 'yan gida ba su tsira da komai ba. Akwai waɗanda suka yi ƙarfi. Linet da aka fara a 1990 tana sayar da gadon asibiti a duniya. Prusa na ƙera injin buga abubuwa masu jiki tun 2012. Česká zbrojovka mai ƙera bindigogi ta sayi Colt ta Amurka a 2021. Tatra ma ta farfaɗo bayan 'yan gida sun saye ta a gwanjo a 2013. Kowannensu ya riƙe zanensa da sunansa, ya zaɓi lungun da ba a buƙatar ƙera miliyan kafin a ci riba.

Baba Dattijo:
Rabin gari dai? To na karɓa, sauran rabin ku ajiye min. Injiniya, abu ɗaya nake so ka warware: mai yin fistin da ma'aikata ɗari uku a wani ƙauye kusa da Liberec, injunansa na yankan ƙarfe za su iya komawa yin kwandon batir, ko sai ya sayi sababbi?

Injiniya:
Wasu za su koma, Baba, mafi yawa ba za su koma ba. Injin da ke yanka da umarnin kwamfuta ana iya sake masa shiri ya yi gidan motar lantarki ko sassan sanyaya batir, in girman teburinsa ya kai. Amma layin da aka gina don fistin kaɗai, tasha bayan tasha, ba ya yin wani abu daban. Kwandon batir kuma aluminiyam ne mai tsawon kusan mita biyu, aikinsa walda ce ta musamman da gwajin yoyo, don ko ɗigon ruwa bai kamata ya shiga ba. Wannan sabon zaure ne, da sababbin injuna, da sabon bincike daga mai saye kafin a ba shi oda ko ɗaya. Kuma saboda girmansa ba a ɗaukarsa nesa, sai wanda ke kusa da layin haɗawa ke samun aikin.